An ce mu sa hannu a yi wa yarona aikin gwiwa, takardar ta hana ni barci

Assalamu alaikum Likita, ya aiki? Ina da yaro ɗan shekara 10, shi ne na fari a wajena. Tun yana aji 2 gwiwarsa ta dama take yin ƙara idan ya miƙe ta, wani "ƙas" da har na kusa da shi yake ji, amma da yake ba ya kukan ciwo sai muka ɗauka ba komai. Bayan babbar salla ya faɗi a wajen ƙwallo. Tun daga ranar gwiwar ba ta miƙewa sosai, yana ɗingishi, wani lokaci ta sarƙe sai an lallaɓa ta. Mun je asibiti an yi hoton MRI. Likitan ƙashi ya ce guringuntsin cikin gwiwar na ɓangaren waje tun haihuwa ya zo da faɗi, yanzu kuma ya yage, sai an yi aiki da kyamara. Suka ba mu takarda mu sa hannu. A ciki an rubuta ana iya taɓa jijiyar jini ko jijiyar motsi, ƙafa ta shanye, ko ma a rasa ta. Babansa ya ce a yi. Hajiya mahaifiyarsa ta ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, a kai shi wajen mai ɗori, targaɗe ne. Ni kuwa ba ni da bakin magana a kan ɗan fari a gaban surukata, sai kuka da dare. Likita, gaskiya nake so ka gaya mini. Yaya girman haɗarin nan yake? In na yarda aka yi, ƙafar ta shanye, ina zan sa kaina?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba yaro lafiya, Ya yaye masa.

Abin da aka rubuta a takardar nan gaskiya ne, yana faruwa. Sai dai takardar amincewa ba ta raba abin da ake gani kowane mako da abin da likita zai yi shekara 30 yana aiki bai taɓa gani ba, duk a layi ɗaya take jera su. A manyan ƙididdigar da likitocin ƙashi suka tattara a Amurka a shekarun 1980, inda aka haɗa dubban ɗaruruwan ayyukan gwiwa na kyamara, raunin babbar jijiyar jini bai kai 1 cikin 10,000 ba. Ba zan yi miki rufa-rufa ba kuma: yawancin waɗancan manya ne, kuma yawancinsu datse guringuntsin aka yi musu ba ɗinki ba. Yaro ɗan shekara 10 da mai yiwuwa za a yi wa ɗinki a ɓangaren waje na gwiwa yana cikin waɗanda ake ƙara yi wa kaffa-kaffa. Duk da haka da wuya abin yake faruwa. Bisa abin da kika bayyana, ni dai ina tare da baban yaro: gwiwar da ta daina miƙewa tana bukatar aikin nan. Abin da ke hannunku shi ne ku san wanda zai yi, ku kuma tsare ƙafar da ido a daren farko.

A cikin kowace gwiwa, tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, akwai guringuntsi guda 2, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Aikin gammo suke yi. Kan ƙashin cinya yana zama a kansu, su raba nauyin jiki don kada ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, kuma kamar gammo gefensu ne mai kauri, tsakiyar a buɗe take. Na yaronki na waje ya zo a cike, tsakiyar ba ta buɗe ba, ga kauri fiye da kima. Halitta ce. Ba wani abu kika ci ko kika ƙi ci ba lokacin da kike da cikinsa, ba kuma goyo ne ya jawo ba. Tun 1889 likitoci suka rubuta labarin irin wannan guringuntsi. Ya fi yawa a Japan da Koriya, amma babu ƙasar da ba a samunsa. Mutane da yawa suna tsufa da shi ba su ma sani ba, kuma wanda bai dame shi ba, ba a taɓa shi. Shekarun da ya yi yana "ƙas" babu ciwo, ba ku yi laifi da kuka ƙyale shi ba.

Matsalarsa ita ce saƙarsa ba ta kai ta lafiyayye ƙwari ba, sai ya yage da ɗan abu kaɗan. Wani kuma bayansa bai manne da bangon gaɓar da kyau ba, sai ya riƙa zamewa yana faɗawa tsakanin ƙasusuwa. Sarƙewar da kike gani ke nan. Duk ranar da yaro ya taka gwiwar a haka, yagewar tana ƙaruwa, santsin da ke kan ƙashi yana gogewa, tsokar cinya tana motsewa saboda ba a aiki da ita, gwiwar kuma tana sabawa da lanƙwasa. Wannan ɓarnar babu takardar da ake sa wa hannu a kanta, a hankali take zuwa, shi ya sa ba ta tsoratar da iyaye kamar wuƙar likita. Ba abin gaggawa ne na dare ɗaya ba, kuna da sararin makonni ku yi tambaya ku shirya. Watanni ko shekara ne ba ku da su.

Za ki ce me ya hana a cire shi gaba ɗaya a huta? An daɗe ana yin haka. A 1948 wani likitan ƙashi a Ingila mai suna Fairbank ya nuna a hotunan ƙashi yadda gwiwa take lalacewa bayan an cire guringuntsin nan, kuma abin da aka gani daga baya ya tabbatar da maganarsa: wanda aka cire wa tun yana yaro, amosanin gaɓa yakan same shi da ƙuruciyarsa. Shi ya sa yanzu ake rarake tsakiyar kawai, a bar gefe mai faɗin milimita 6 zuwa 8, sannan idan abin da ya rage ya yage ko yana rawa, a ɗinke shi da bangon gaɓar. A nan yara sun fi manya sa'a. Guringuntsin babba jini yana kaiwa gefensa ne kawai, na yaro kuwa ya fi samun jini, don haka ɗinkinsa ya fi kamawa. To wannan ɗinkin da yake ceton gwiwa, shi ne kuma ya kawo kalmomin da suka firgita ki.

Ki sa yatsa a bayan gwiwarki, cikin ramin nan da ke lanƙwasa. Duk jinin da ke zuwa ƙwauri da ƙafa ta nan yake wucewa, a cikin babbar jijiya guda ɗaya, ga wata kusa da ita mai mayar da jini sama, ga kuma jijiyar ji da motsi mai zuwa tafin ƙafa. Mai kai jinin ita ce ta fi kusa da gaɓar, kusan a jingine take da bangon baya, kuma ba a tsakiya sak take ba, ta ɗan karkata zuwa waje, daidai bayan wutsiyar guringuntsin waje, wato ƙarshensa na baya. A ɗaure take kuma sama da ƙasa, ba ta da wurin gocewa sosai. A gwiwar babba tazarar da ke tsakaninsu kamar santimita 1 ce. Likitoci sun auna a hotunan MRI na yara da kuma gwiwoyin gawa, suka ga tazarar tana bin girman jiki: iya ƙanƙantar yaro, iya kusancinsu. Kayan ɗinkin kuwa da ma'aunin manya aka ƙera yawancinsu, kuma allurar wasu tana iya nutsewa kusan santimita 2 idan ba a taƙaita ta ba. Yanzu kin ga inda gizo yake saƙar.

Jijiya ta biyu da ake tsaro tana gefen waje. Ki shafa gefen gwiwarki na waje, ɗan ƙasa kaɗan, za ki ji wani ƙullutun ƙashi. Jijiyar da ke ɗaga ƙafa da yatsu sama tana saukowa ta bayan gwiwa, ta zagaye wuyan wannan ƙashin, fata ce kawai ta rufe ta. Ita ce ke sagewa idan mutum ya daɗe da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Idan allura ta soke ta, ko zaren ɗinki ya shaƙe ta, ƙafa takan saki, yaro ya kasa ɗaga ta, ya riƙa jan yatsu a ƙasa ko ya ɗaga gwiwa sama sosai in zai yi tafiya, saman ƙafar kuma ya yi dindiris. Wannan ce shanyewar da takardar take nufi. Sharaɓa da cinya suna nan da ƙarfinsu, ɗaga ƙafar ne ke tafiya. Akwai ta uku a gefen ciki wadda ji kawai take kaiwa fata. An fi damuwa da ita a ɗinkin guringuntsin ciki, wanda ba shi ne na yaronki ba, amma ƙananan rassanta suna ratsa gaban gwiwa inda ake huda ƙofofin kyamara. Idan bayan aiki ya ce wani ɗan wuri a ƙasan ƙoƙon gwiwa ba ya ji sosai, to wannan ne, shi ne mafi yawan abin da ake gani, kuma ba ya hana tafiya ko gudu.

Likitan da ya san aikinsa ba da ka yake tsallake waɗannan ba, akwai ƙa'idoji. Yana duba hoton MRI na yaron kansa tun kafin ranar, ya auna tazarar. Yana lanƙwasa gwiwar sosai lokacin ɗinkin ɓangaren waje, saboda a lanƙwashe jijiyoyin sukan saki su ja baya. Yana zaɓar ƙofar da zai shigar da allura ta yadda bakinta ba zai fuskanci jijiyar jini ba, ya kuma rage zurfinta daidai jikin yaro. Wata hanyar kuma, wadda ta fi tsufa kuma har yanzu ana ji da ita, ita ce a ɗan tsaga gefen gwiwa ta baya, a zura wani ƙarfe mai siffar cokali tsakanin bangon gaɓa da jijiyoyin, duk allurar da ta fito ta bugi ƙarfen a kama ta. Wasu likitocin ma cokalin gaske suke sawa bayan an dafa shi da sauran kayan aiki. Saboda haka in kin ji an ce za a ƙara tsaga bayan hujin kyamara, kada ki ɗauka aikin ya ɓaci. Sau da yawa tsagar don tsaro ake yinta.

Ku koma wajen likitan kafin ku sa hannu, ke da baban yaro, ku zauna. Ku tambaye shi ko datsewa kawai yake tsammani ko har da ɗinki, in da ɗinki a wane ɓangare, domin haɗarin datsewa bai kai na ɗinkin wutsiyar baya ba. Mai yiwuwa ya ce sai ya shiga ya gani, kuma amsa ce ta gaskiya, don ba duk rawar guringuntsi ce hoto yake nunawa ba. Ku tambaye shi ko ya saba yin wannan aikin a kan yara masu shekarun naku, ba 'yan ƙwallo manya kawai ba. Tambayar da na fi so ku yi ita ce wannan: in aka yi rashin sa'a aka taɓa jijiyar jini, akwai likitan da ke gyaran jijiyoyin jini a asibitin, ko ina za a kai shi, kuma cikin awa nawa? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar, don shi ma ya riga ya yi wa kansa ita. Wanda ya ce muku "babu wani haɗari ko kaɗan", ko ya harzuƙa don kun tambaya, ni dai da ɗana ne sai in nemi wani. Kuna Kano, ga asibitin ƙashi na Dala, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ɗaukar hoton a kai wa likita na biyu ya duba ba cin fuska ba ne ga na farko.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. A irin wannan aiki akan ɗaura wata ɗamara a cinya a hura mata iska, ta tsayar da jini don likita ya ga wurin aiki sosai. Ana ƙidaya mata lokaci, ba a so ta wuce kamar awa 2, domin ita ma in ta daɗe tana danne jijiya. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ƙwayar sikila, kuma tsayar da jini a ƙafar mai sikila abu ne da likitan allurar barci yake son ya sani tun da wuri. In ba ku san rukunin jinin yaro ba, AA ne ko AS ko SS, a gwada. Ku faɗi kuma duk wani magani da yake sha, har jiƙe-jiƙe da saiwoyi, da ko a dangi akwai wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri in ya yanke ko an yi masa kaciya. Maganar hana shi abinci kafin aiki ku bi ta yadda aka ce. Kada tausayi ya sa wata ta ba shi koko a ɓoye da asuba.

Yanzu ga aikinki, kuma shi ne nake so ki riƙe fiye da komai a wasiƙar nan. Raunin jijiyar jini, in an gane shi da wuri, ana gyara shi ƙafa ta tsira. Abin da ke sa a rasa ƙafa shi ne jinkiri, domin tsokar da jini ya yanke mata takan fara mutuwa bayan kamar awa 6. Da zarar an fito da shi ya farka, ki buɗe ƙafafunsa duka biyu ki kwatanta. Ki taɓa ki ji ɗumi. Ki danna farcen babban yatsa har ya yi fari ki saki, ya kamata jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. Mu masu duhun fata a farce da tafin ƙafa ake ganin launi, don haka masu 'ya'ya mata da ke karanta wannan, kada a yi wa yarinya lalle in aiki ya matso. Ki ce ya ɗaga ƙafar da babban yatsa sama wajen fuskarsa, sannan ya danna ƙasa. Ki shafa tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ki shafa tafin ƙafa, ki tambaye shi yana ji? Ki latsa sharaɓarsa, ta kasance da laushi. Nas za su riƙa duba waɗannan, amma nas ɗaya tana iya samun kanta da gadaje da yawa cikin dare, ke kuwa gado ɗaya gare ki. Ki maimaita kowace awa a daren farko. Abu ɗaya ki tambaya tun a bakin ɗakin tiyata: an yi masa allurar kashe jijiya a cinya ko a baya? In an yi, ƙafar za ta yi nauyi na wasu awoyi, wani lokaci har kwana ɗaya, sai a gaya miki yaushe ya kamata ta farfaɗo. Wannan allurar dai ba ta sa ƙafa ta yi sanyi ko ta yi fari.

Ƙafa ta yi sanyi ƙalau, ko ta koɗe, ko sharaɓa ta kumbura ta yi tauri, ko ciwo ya riƙa ƙaruwa maganin da aka ba shi bai taɓa shi ba, kada ki jira zagayen likita na safe. Ki ta da nas, ki ce a kira likita yanzu, in an ce ki yi haƙuri ki sake faɗa. Yara ba su iya bayyana irin wannan ciwon ba. Abin da ake gani shi ne yaro ya kasa kwanciya, ya firgice, yana ta neman ƙarin magani. Kada a ce shagwaɓa ce. Bandeji ma in ya matse da yawa yana iya jawo haka, kuma sassauta shi aikin minti ɗaya ne. In kuma ƙafar tana da ɗumi amma ya kasa ɗaga ta bayan allura ta sake shi, a gaya wa likitan da ya yi aikin a ranar. Idan zare ne ya shaƙe jijiyar, ana iya komawa a kwance shi, kuma iya saurin da aka yi, iya kyan sakamakon. Idan dannewa ce ko miƙewa kawai, yawanci takan dawo da kanta cikin makonni zuwa wata 3. Wadda ta ji rauni sosai tana tofowa ne a hankali, kamar milimita 1 a rana, sai a sa masa takalmin roba mai riƙe ƙafa, ana gashin ƙashi a asibiti har ta iso. Bayan an koma gida ma, in wani kumburi ya fito a bayan gwiwa yana bugawa kamar zuciya, ko da bayan makonni ne, a koma asibiti ranar, kada kowa ya matsa shi ko ya gasa.

Sai maganar Hajiya. Tsoronta da naki ɗaya ne, ita ma ƙafar jikanta take jiye wa, kuma mai yiwuwa ta ga karayar da mai ɗori ya ɗora ta warke sumul. Amma yaron nan ƙashinsa bai karye ba, bai goce ba. Abin da ya yage yana can cikin gaɓa inda hannu ba ya kaiwa, kuma jan gwiwar da ƙarfi don a miƙe ta yana iya ƙarasa yaga shi har ya wuce ɗinki. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne ɗaurin. Jijiyar nan mai ɗaga ƙafa da na ce fata ce kawai ta rufe ta, karan ɗori in ya danne ta shi ma yana sa ƙafa ta saki. Ɗaurin da ya matse a kan kumburi kuwa yana yanke jini, kuma asibitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa da yawan yaran da ake kawowa hannu ko ƙafa ta riga ta ruɓe a ƙarƙashin ɗori, sai yankewa. Wato abubuwan nan biyu da ke cikin takardar suna nan a can ma, babu kuma wanda zai zo da dare ya danna farce ya duba. Tsaga da ƙaho a gwiwar su ma a bar su, don ba a yin aikin gaɓa a kan fata mai miki, sai a ɗage ranar.

Ba na ba ki shawarar ki yi jayayya da surukarki, ba zai kai ku ko'ina ba, kuma ba huruminki ba ne. Ɗanta ne zai yi wannan magana. Ki zauna da shi ku biyu, ki karanta masa abin da na rubuta, ki roƙe shi ya ɗauki Hajiya ya kai ta wajen likitan ranar da za ku koma. A nuna mata hoton, a nuna mata yagewar da idonta, ta yi tambayoyinta da bakinta. Tsofaffinmu sukan ƙi abin da aka yanke a bayan idonsu, amma in aka girmama su aka sa su ciki, sau da yawa su ne ke komawa masu lallashin sauran dangi. In akwai wani kawu ko goggo da take jin maganarsa, a haɗa da shi. Addu'a da sadaka da za ta so a yi, a yi su, babu abin da suka rage wa aikin likita.

Kara da kike yi a kan ɗan fari tarbiyya ce, ban raina ta ba. Ki yi ta a tsakar gida. A gefen gadon asibiti kuwa ki ajiye ta. In kin san a gaban Hajiya ba za ki iya buɗe bargo ki riƙa taɓa ƙafarsa kowace awa ba, ko ki ɗaga murya ki kira nas, to ku tsara tun yanzu wa zai kwana da shi: ko ke kaɗai, ko ke da ƙanwarki, Hajiya ta zo da safe. In kuma dole ita ce za ta kwana, a koya mata duban nan tun kafin ranar, likita ko nas su nuna mata da hannunsu.

Kin tambaya ina za ki sa kanki in abin ya faru. Uwar da ta kai ɗanta wajen masana, ta yi tambaya, ta nemi ra'ayi na biyu, ta kwana tana duba ƙafarsa, babu mai adalcin da zai ɗora mata laifi, kuma ba ke kaɗai za ki sa hannu ba, da ubansa a tsaye. Shi ma yaron a yi masa bayani daidai hankalinsa. Ɗan shekara 10 yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, kuma in ya san za a tambaye shi ya motsa yatsu bayan ya farka, zai ba da haɗin kai, zai kuma faɗi gaskiya in ya ji wani abu daban.

Ku shirya wa bayan aikin tun yanzu, don a nan iyaye da yawa suke sakaci. In an yi ɗinki, zai yi kamar mako 4 zuwa 6 da sanduna da abin riƙe gwiwa, ƙwallo kuwa sai bayan wata 4 zuwa 6, kuma sai likita ya sallame shi. In datsewa ce kawai, abin ya fi haka sauri. Zuwa sashen gashin ƙashi wajibi ne, ku sa kuɗinsa da na mota cikin lissafi tun farko. Ku yi magana da makaranta da islamiyya a sama masa kujera ko benci, domin tsugunno da zaman tanƙwashe ƙafa a tabarma suna matse daidai inda aka ɗinke, haka ma masai na tsugunno, sai a nemi kujerar roba mai rami na ɗan lokaci. Salla zai yi ta a zaune har a ba shi izini. Ɗaya gwiwar kuma ku riƙa lura da ita, saboda wasu yaran a duka biyun suke zuwa da irin wannan guringuntsi. In ba ta ciwo, ba ta sarƙewa, ko da tana ɗan "ƙas", a ƙyale ta. In ta fara kumburi ko ta ƙi miƙewa, ku kai shi da wuri.